Littafi ɗaya, wuraren sayarwa da yawa: ya zan haɗa kansu?

Ɗiyar Mabera:

Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Shawara nake nema wurin waɗanda sunka riga ni shiga wagga sana'a.

Ni malamar firamare ce nan cikin Sakkwato, rubutu kuwa da dare nake yin shi a waya, bayan yara sun kwanta. Littafina na farko kyauta na sake shi a Wattpad, manhajar karanta labarai, can mutane sunka fara sanin sunana. Na biyun sai na mai da shi na kuɗi. Shafukan ɗanɗano ina sa su a Wattpad da Facebook, mai son ci gaba ya biya ₦500, ya turo shaidar biya, in sa shi zauren WhatsApp na waɗanda sunka biya. Akwai kuma zauren sharhi na kowa da kowa, shi har ya cika, tunda mutum 1,024 ne iyakarsa, na buɗe na biyu. Daga baya wata ƙawata ta ce in buɗe Telegram, na buɗe.

Yanzu abin ya fi ƙarfina. Shafi ɗaya sai na bi wuri-wuri ina sa shi, lokacin rubutu kuma ya ƙare wajen amsa saƙo. Kuɗi kan shigo da sunan mijin mace ko sunan mai POS, ita kuma ta yi mini magana da wani suna daban, in rasa wa ya biya wa bai biya ba. Shafin da na saki bayan isha'i, kafin in taso daga makaranta washegari an fitar da shi yana yawo. Kwanakin baya kuma wayata ta faɗa ruwa. An samu ta tashi, amma shaidun biyan mutane da yawa sun tafi, kuma ba ni da su rubuce ko'ina.

Ga shi ana ce mini in ɗora a ArewaBooks, manhajar sayar da littattafai, wani yaro kuma yana so ya riƙa karanta shi a tasharsa ta YouTube. In ƙara ne ko in rage?

Anti ta Runjin Sambo:

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ƙara basira. Abin da ke gajiyar da ke shi ne duk wuraren nan aiki ɗaya kike sa su. Ki raba musu. Wattpad da Facebook na talla ne, ɗanɗano kawai, kuma ƙarshen kowane shafi lamba ɗaya, ta kasuwanci, ba wadda dangin miji ke kiranki da ita ba. Littafin kuɗi ya zauna wuri ɗaya tak. Zaurukan sharhi ki ba masu karatunki biyu da kika yarda da su su riƙe, ke ki leƙa in kin samu sarari.

Amma kafin duk wannan, gobe in kin fita ki sayi babban littafi mai bango mai tauri. Ki ja layuka: sunan da mutum ke amfani da shi, lambarsa, lamba ta biyu in akwai, garinsu, sunan da kuɗin ya shigo da shi, littafin da ya saya, da rana. Layin nan na sunan da kuɗi ya shigo da shi, shi zai kashe miki rigimar mai POS. Ba ki sa kowa zaure sai kin rubuta shi. Duk Juma'a ki ɗauki hoton shafukan ki aje a Google Drive, saboda takarda ma ruwa na cin ta.

Na dage kan wanga littafi ne don abin da munka gani da idonmu. OkadaBooks, manhajar littattafan da Okechukwu Ofili ya kafa a 2013, marubutan Hausa da yawa can suke sayarwa, sai ga shi a ƙarshen Nuwamba 2023 ta rufe. Wadda ta san masu sayenta ta kira su wani wuri ta ci gaba, wadda kuwa adadi kawai take gani a allo, sai ta koma neman mutane daga farko. Ki tuna kuma Satumbar 2021, lokacin da anka katse layin waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan saboda 'yan bindiga. Ina tsakiyar littafi a lokacin. Da sabis ya dawo, rajistata na buɗe, na bi layin gari, na tura wa kowace shafukan da sunka wuce ta. Wata ta kira ni tana ta sa albarka, ta ce ta ɗauka kuɗinta sun tafi ke nan. Lamba ta biyu kuwa ta yi mini rana a 2024 da anka yi ta toshe layukan da ba a haɗa da NIN ba. Manhajojin nan duk na wasu ne, zanen aro kuma ba ya rufe katara.

In za ki sanar da sabon littafi, ki yi amfani da saƙon bai-ɗaya (broadcast) na WhatsApp. Mutum 256 yake ɗauka a jeri guda, kuma ba ya isa ga wanda bai adana lambarki ba. Don haka da mutum ya biya, magana ta farko ita ce, don Allah ki adana lambata.

Sai amana. Mafi yawan masu karatunmu matan aure ne da 'yan mata, a zaure kuma kowa na ganin lambar kowa. Ki tambayi kowace ko ta yarda ki riƙa turo mata sanarwa, wadda ta ce a cire ta ki cire ba gardama. Masu tallar turare da atamfa za su zo su ce ki ba su lambobin, har da kuɗi a hannu. Kada ki bayar. Ki karɓi tallarsu ki sa a ƙarshen shafi in kina so. Akwai dokar kare bayanan mutane da anka sa wa hannu a 2023, ko babu ita ma, lambar matar wani ba abin rabawa ba ce.

Ɗan Dundaye:

Anti, kan rajista ina bayanki. Inda na ɗan saɓa shi ne bin kowane alat da hannu. In littafi ya kammala, Malama ta ɗora shi a Selar, shafin sayar da kaya ta intanet. Mai saye ya biya da kati ko tiransifa, littafin ya je masa kai tsaye ko da tana barci, su cire kasonsu, saura ya shigo asusunta da naira.

Batun fitarwa kuma, Telegram ta fi dacewa da zauren kuɗi, don tun ƙarshen 2021 mai zaure na iya hana turawa da adana abin da ya sa, zaure ɗaya kuma na ɗaukar mutum 200,000. Ba ya hana wanda ya yi niyya ya ɗauki hoto da wata wayar, amma yana rage ɓarna sosai.

Duk manhajar da za ki ɗora littafi, Malama, ki karanta ko sharaɗinta ya hana ki sayarwa wani wuri. A Amazon, wanda ya shiga tsarinsu na marubuta mai suna KDP Select, kwana 90 littafinsa na waya ba ya fita ko'ina sai can. Yaron YouTube kuwa ki tambaye shi ko tasharsa ta fara kawo kuɗin talla, wanda ke buƙatar mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara. Ki fara ba shi littafin farko na kyauta, ku rubuta yarjejeniya da shaidu, kuma ya faɗi sunanki da lambarki a kowane kashi.

Baƙuwar Konni:

Ni mai karatu ce, ina Birnin Konni. Roƙona kada ku manta da mu wajen tsarin nan. Yawancinmu ba mu da asusun naira balle kati. Da muna ba masu shiga Illela su tura mana, da anka rufe iyaka a 2023 sai abin ya yi wuya. Marubutan da sunka kyauta mana su ne masu wakiliya a Nijar, mu tura mata sefa ta kamfanonin aika kuɗi irin Nita ko Amana, ita ta ba da sunayenmu. Telegram kuma, yaya, a gidanmu ni kaɗai ke da ita. Wayoyin sauran ba su da wurin ƙara manhaja, wata ma wayar mijinta take ara da dare.

Ɗiyar Mabera:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yau da na taso na sayi littafin rajistar. Anti, waɗanda sunka riga sunka biya kuma shaidarsu ta ɓace fa? Kuma in kwashe su zuwa Telegram yanzu ne?

Anti ta Runjin Sambo:

A'a, kada ki tashe su tsakiyar labari. Inda sunka biya nan za ki ƙarasa musu. A littafi na gaba sai ki gwada Telegram, ki duba rajista ki ga nawa za su iya binki, ki bar ƙaramin zauren WhatsApp don irin mutanen da 'yar uwarmu ta Konni ta faɗa.

Na baya kuwa, ki sanar a zauren kuɗi cewa kowa ya turo miki sunansa da garinsa da sunan da ya biya da shi, ta gefe, ba cikin zaure ba. Ki ciro bayanin asusunki na watannin nan daga manhajar banki ki gwada su. Wadda ba ki ga nata ba amma tana cikin zauren tun farko, ki rubuta ta cikin waɗanda sunka biya, tunda ke kika sa ta da hannunki.