Waɗanda suka taɓa haɗa OpenStack da kwanturolan SDN, ku zo mu ji yadda kuka kaya

Na Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna da saba (server, babbar kwamfutar aiki) guda huɗu a wurin aikinmu nan cikin Katsina, mun ɗora OpenStack, manhajar da ke ƙirƙirar kwamfutocin cikin manhaja (VM) a kan saba, da taimakon Kolla-Ansible mai girka shi, netwok ɗin kuma Open vSwitch ne (swic na manhaja), tsarin da, wanda kowace saba ke jiran saƙo ta RabbitMQ. Yanzu oga ya ce a kawo kwanturolan SDN, wato manhajar da za ta riƙa juya netwok ɗin daga wuri guda. Dan Allah wanda ya taɓa yi da hannunsa ya faɗa mana abin da ya gani.

Malamin kwamfuta daga Daura:
Wa alaikumus salam. Ni OpenDaylight na fara gwadawa da ɗalibaina, tunda shi ya yi suna tun fitowarsa a 2013 ƙarƙashin Linux Foundation. Da Java aka rubuta shi, yana cin RAM sosai, saba ɗaya sukutum muka ware masa. Wajen koyarwa kam yana da daɗi, yaro zai ga dokokin tura saƙo na OpenFlow na sauka kan swic da idonsa. Amma ranar da aka ɗauke wuta muna tsakiyar ƙirƙirar netwok, batirin inbata kuma dama ya gaji, da muka tada komai sai Neutron, sashen OpenStack mai kula da netwok, ya ce fot (mahaɗar VM da netwok) kaza na nan, kwanturola ya ce bai san zancen ba, VM su tashi amma ba su samun IP, kwana biyu muna bi ɗaya bayan ɗaya. Ƙanena ka sani, da ka sa kwanturola littafi biyu za ka riƙe, na Neutron da nasa, kuma dole bakinsu ya zo ɗaya. Sannan direban da ke haɗa su, networking-odl, an daina kula da shi, kar ka gina sabon aiki a kansa.

'Yar GRA:
Malam ya faɗi gaskiya. Mu OVN muka koma, shi ma kwanturola ne, mutanen Open vSwitch ne suka fito da shi a 2015, kuma tun fitowar OpenStack mai suna Ussuri a 2020 direbansa na cikin Neutron, ba sai ka nemo daban ba. Neutron zai rubuta abin da yake so a rumbun bayanan OVN da ake kira na arewa, ovn-northd ya fassara ya zuba a rumbun kudu, sai ovn-controller da ke kan kowace saba ya ɗauka ya mai da shi doka. DHCP, mai raba wa VM lambar IP, shi ma a nan kan sabar ake amsa shi.

Abin da ya ba ni wahala shi ne MTU, wato iyakar girman ƙunshin saƙo ɗaya da netwok ke ɗauka, wlh sai da na rasa barci. Ping na tafiya lafiya lau, amma da ka buɗe shafi ko ka fara saukar da fayil sai ya tsaya cak. Ashe waya bait 1500 take ɗauka, VXLAN, tsarin naɗe saƙo da muke kai a da, na cin bait 50 ya bar 1450, Geneve ɗin OVN kuma 58 yake ci, saura 1442, tsofaffin VM ɗinmu suna nan kan 1450. Bait takwas kacal! Ka rage MTU tun kafin ƙaura zuwa OVN, ka jira VM su sabunta DHCP, ko ka ɗaga na swic zuwa 9000 in yana iyawa.

Ɗan Funtua:
Ku duba katangar tsaro ma, UDP 6081 na Geneve, TCP 6641 da 6642 na rumbunan, duk a buɗe su. Ni 6081 na manta, yini guda ya ci min.

Malamin kwamfuta daga Daura:
Hajiya, in wuta ta tafi fa? Nan ne inda nake jin tsoro.

'Yar GRA:
Ta faru da mu Malam, cikin zafin Afrilu janareta ya tsaya, sabar da ke riƙe da rumbun ta mutu. VM da ke sauran sabobin suka ci gaba da magana da juna tunda dokokin na zaune cikin swic ɗinsu, sabon abu ne dai ba ka iya ƙirƙira. Daga nan muka raba rumbun gida uku da RAFT, tsarin da kwafin ke bin masu rinjaye, biyu in suna raye aiki na tafiya, amma fa kar ka jona ukun a inbata ɗaya. In littattafan sun saɓa akwai manhajar daidaita su, neutron-ovn-db-sync-util, ka fara da yanayin log mai nuna saɓanin kawai, ka karanta bambancin da kyau kafin ka ce masa repair, domin yana goge abin da Neutron bai sani ba.

Na Ƙofar Ƙaura:
Allah ya saka da alheri. Zan fara gwada OVN a tsofaffin kwamfutoci biyu da ke sito kafin in taɓa na aiki. Hajiya, lokacin ƙaurar awa nawa netwok ɗinku ya tsaya, kuma da dare kuka yi ko ranar Lahadi?