Musayar waƙa: John Geary, magajin garin San Francisco na farko

Malam Ɗan-Birni: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau na kawo muku wani mutumin Amurka da aka haifa a Pennsylvania a 1819. Ƙwar huɗu za mu yi, amsa-amo "ri".

Da sunan Rabbu nake farawa,
Shi ke ba da harshe da iyawa,
Ku matso kusa, ban da ƙosawa,
In ba ku labarin John Geary.

Uba ya rasu ya bar masa bashi,
Ya bar karatu sai da ya biya shi,
Ya koma aji, ilmi bai ƙi shi,
Lauya ne, injiniya mai tsari.

Sajan Mai-ritaya:

Malam, fagen fama nawa ne,
Yaƙin Meziko, dogon soja ne,
Chapultepec tudu mai wuyar hawa ne,
Rauni biyar ya kwasa a jeri.

A 1847 ke nan.

Uwar Biyu:

Baba Sajan, Meziko ƙasarsu,
Aka bi su da yaƙi har birninsu,
Ɗaliban soja, da yara cikinsu,
A kan tudun nan suka sami kabari.

California da kake ji tasu ce,
A 1848 ta kuɓuce,
Jarumtakarsa dai gaskiya ce,
Amma yaƙin ba shi da alheri.

Sajan Mai-ritaya: Gaskiyarki 'yata, ban musa ba.

Malam Ɗan-Birni: Kafin in ci gaba, ga abin da ya sa na ɗauko shi. Muƙamin da aka zaɓe shi a San Francisco ta California a 1849 sunansa "alcalde" da Sifaniyanci, shari'a da mulkin gari a hannu ɗaya. Asalin kalmar Larabci ne, al-ƙadi, uwa ɗaya da "alƙali" namu. Garin kuwa daga mutum kamar 1,000 a 1848 ya kai wajen 25,000 kafin 1849 ta ƙare.

An ga zinare, jama'a ta taso,
Kowane jirgi da baƙi ya iso,
Caca da wuƙa, ɓarayi sun ɗoso,
Gidajen katako da tanti, ba tsari.

Babu kurkukun kirki a ƙasa,
Sai jirgin ruwa aka saya aka sa,
Euphemia, nan mai laifi zai ƙosa,
Kan ruwa yake cin ɗauri.

Ran 1 ga Mayun 1850,
Ya zam magajin gari, shekara 30,
Bayan kwana uku, wuta ta ci gidaje da hamzari,
Toka ya tarar a tsakar gari.

Ɗan Autan Zaure: Malam, baitin nan na ƙarshe ya ɗan karye, amma na karɓa.

Filin Union Square kyautarsa ce,
Titi mai sunansa shaida ce,
Kansas ya yi gwamna, wata shida ce,
Masu son riƙe bayi suka ɗaura masa sharri.

Uwar Biyu: Ƙanena, kun tsallake wurin da ya sa ni hawaye. Yaƙin basasar Amurka, Oktoban 1863.

A Wauhatchie, cikin duhun dare,
Uba janar, da ɗansa suna tare,
Edward na kan igwa, ya tsare,
Harsashi ya same shi da sauri.

Uban ya zo ya rungume ɗansa,
An ce rai ya fita yana hannunsa,
Ina amfanin taurarin kafaɗarsa?
Ni uwa ce, na san zafin wurin, ku yi haƙuri.

Sajan Mai-ritaya:

'Yata, kin sa na aje alƙalami,
Na ga irin wannan, ba ni da kalami.

Ku ƙarasa, ni baiti biyu na iya.

Malam Ɗan-Birni:

Ya mulki Pennsylvania shekara shida,
A 1873 ya sauka ya koma gida,
Mako uku bai cika ba, ajali ya iske shi a gida,
Ran 8 ga Fabrairu, da safe da wuri.

Yana haɗa wa ƙaramin ɗansa kalaci,
Zuciya ta tsaya, ya zo lokaci,
A Harrisburg aka yi masa makwanci,
Shekara 53 ya yi, John Geary.