Macijin yarona ya nutse cikin dusar katako, ciwo ne?

Maman Hanif: Salamu alaikum 'yan uwa, a taimaka. A Ingila muke. Yarona ya matsa sai da babansa ya saya masa macijin masara, irin na Amurka marar dafi, don ɗan maƙwabta na da shi. Ni tun farko ban so ba, aka ce min tsoro ne kawai. Yanzu kullum yana binne cikin dusar katakon akwatinsa, yaro sai kuka wai ya mutu. In mun tono shi, sai ya koma.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Hajiya, ku daina tono shi, firgita shi kuke yi. Ɗabi'arsa ce. A dazukan Florida da Jojiya yini yake cikin ramin ɓera ko ƙarƙashin ruɓaɓɓen kututture, sai magariba ya fito. Amma ba ki faɗi zafin akwatin ba. Akwatin gefe biyu ake masa: gefen ɗumi ya zama digiri 29 zuwa 32 a ma'aunin Salshiyas, gefen sanyi 21 zuwa 24. In kullum a gefen sanyi yake binnewa, zafi ya yi masa yawa. In kuwa yana nutsawa har gilashin ƙasan akwatin da ke kan tabarmar ɗumi ta lantarki, nan matsala take: tabarmar da ba a haɗa ta da tamostat, wato na'urar daidaita zafi, ba tana ƙona masa ciki, shi kuma ba ya saurin kaucewa. Kan gilashin ake aunawa, ba saman dusa ba.

Maman Hanif: Mai shagon ya ce tabarmar kaɗai ta isa. Ai sana'arsa ce.

Baban Amira: Masu shagon nan! Su sayar da akwati ba maɓuya, ba ma'auni, gobe a dawo a ƙara kashe kuɗi. Yaya, duba idonsa. In ya yi hazo-hazo shuɗi, saɓa zai yi, laima yake nema. Hitar gida na busar da iska da hunturu. Laima kada ta gaza kashi 40 cikin 100. Ki sauya masa dusar zuwa ɓawon kwakwa.

Injiniya: Babu buƙatar sauyawa. Dusar icen asfen mai kaurin santimita 5 zuwa 8 ta wadatar, sai roba mai murfi da jiƙaƙƙen gansakuka a ciki don laima. Kada dai a fesa wa asfen ruwa, fumfuna take yi. Ta icen sida kuwa haram, man da ke cikinta na cutar da numfashinsa. Maɓuya biyu matsattsu, ɗaya kowane gefe.

Maman Hanif: Maɓuya ɗaya babba muka sa don ya sake. In aka ƙara, yaushe yaro zai gan shi?

Anti Rabi: Ni dai maciji a falo? Allah ya kyauta. Yana cin ɓeransa kuwa?

Maman Hanif: Wannan babansa ya sani, sai ya dawo daga aiki.