Lissafin manhajar EnergyPlus ya ƙi dacewa da zafin da na auna a ɗakin tubali

Assalamu alaikum malamai. Ina digiri na biyu a fannin zanen gine-gine a nan Zariya, bincikena a kan yadda ginin ƙasa ke riƙe sanyi a lokacin bazara, kuma na cije a wuri ɗaya.

Na rataye na'urar auna zafi a wani ɗakin tubali mai rufin azara a cikin birni, wata kuma a ɗakin bulo mai kwano a Samaru, daga Maris zuwa Afrilu. Na kuma lissafa zafin ɗakunan biyu a EnergyPlus, manhajar kwamfuta mai lissafin zafin cikin gini, don in gwada da awon. Na bulon bai ba ni wahala ba, lissafi da awo sun tafi tare. Na tubalin ne damuwata. A awo, zafin ciki ba ya kai ƙololuwa sai bayan isha'i, amma EnergyPlus na nuna shi tun la'asar, ya kuma fi na gaskiya yawa.

Na sa adadin wucewar zafi na bulon ƙasa da ke cikin mujallun ƙasashen waje, bai yi ba. Na canza kaurin bango, na ƙara shafin makuba, na rage shigar iska ta taga. Lokacin ya ɗan matsa, amma da sauran tazara mai yawa. Ina zargin siffar bangon ce: gindinsa kauri ne sosai, yana sirancewa zuwa sama, ga laka mai ciyawa cike tsakanin tubalan, alhali manhajar kauri ɗaya take karɓa a kowane bango.

Wanda ya taɓa wannan aiki, don Allah yaya ake shigar da bangon tubali mai sirancewa irin wannan a EnergyPlus har jinkirin zafin ya fito daidai?