Jika Ya Ce wa Kakansa "Israfi Ne": Tarbiyya ko Fitsara?

Baffa: Assalamu alaikum. Akwai maganar da ta tsaya mani a rai tun Juma'a. Baba Alhaji yana alwala a bakin famfon tanki, ya bar ruwa na zuba, sai ga jikansa ɗan shekara tara ya zo ya murɗe kan famfon, wai "Kaka, israfi ne." A gaban baƙi. Ni ra'ayina, wannan karatun muhalli da ake cusa wa yara ba namu ba ne, kayan Turawa ne da ƙungiyoyinsu, ga shi har yaro ya fara gyara wa dattijo alwala. Abin da ke kan gidan addini shi ne yaro ya san Allah, ya tsai da salla, ya san girman na gaba. In ya samu waɗannan an gama.

Gwaggo: Wa alaikumus salam. Haba Yaya, jika da kaka fa. Yaushe aka fara yi masu shari'a? Baba ma dariya ya yi, ya ce "ja'iri, ruwan ubanka ne?" Yaron ya ce ai babansa ke sayen man da ake tayar da injin.

Baffa: Wasa daban, gyaran ibada daban.

Maman yaron: Baffa, a yi haƙuri in sa baki. Ba a boko ya jiyo ba. A Islamiyya suke babin alwala cikin littafin Ahalari, tun ranar ya hana kowa sakat a gida, ni ma ban tsira ba.

Malam: Allah ya ƙara wa Baffa girma. Ahalari ya lissafa ƙaranta ruwa a kan gaɓa cikin mustahabban alwala. Risala, ita ma littafin fiƙihu ce, ta fi shi zafi, ta ce ƙaranta ruwa tare da kyautata wanki sunna ne, wuce iyaka kuwa guluwwi ne da bidi'a. Mai Risalar, Ibn Abi Zaid, ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, lokacin babu wata ƙungiyar Turawa da ta san da zamanmu. Kuma Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa Annabi (SAW) yana alwala da mudu ɗaya, yana wanka da sa'i zuwa mudu biyar. Mudun nan shi ne wanda muke auna zakkar kono da shi, bai kai lita ɗaya ba. Butar da muke cikawa mu juye a alwala guda ta fi shi.

Baffa: To ka ga addini ya gama magana ke nan. Me ya kawo wani suna wai muhalli? Abin da ban yarda da shi ba shi ne a riƙa gaya wa yaro cewa mutum ne ke canza damina. Ruwa na Allah ne. In ya yi ƙaranci fili muke fita mu roƙa.

Malam: Muna roƙo, kuma wanda muke roƙon shi ne ya ce a Suratur Rum, aya ta 41, ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata. Biyun ba sa karo.

Kawu na Zango: Ni ba malami ba ne, manomi ne, bari in faɗi abin da idona ya gani. Duk wanda ya tsallaka iyaka ta Kongolom ya nufi wajen Matameye a Nijar zai ga gonaki cike da gawo. Bayan farin 1984 ƙasar manoman can ta fi tamu zama fako. Kuma ba wani dashe suka yi ba, tohon da ke fitowa daga kututture suka daina sarewa lokacin sassabe, a bar biyu ko uku masu ƙarfi, a rage sauran. Gawo kuwa kun san halinsa: da damina yake kaɗe ganye, ba ya tare wa gero rana, da rani ya yi ganye ya zubo 'ya'ya dabbobi su ci, su bar taki a gindinsa. Geron gindin gawo ko daga nesa ka gan shi ka san shi. Mu nan in ka ba yaro adda ka ce ya share gona, duk abin da ya tsiro sai ya kwantar da shi, don haka muka koya mashi cewa gona mai tsabta ita ce wadda babu komai a cikinta. Ruwan na Allah ne, Baffa, amma addar a hannunmu take.

Baffa: Duk na ji. Amma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Gwaggo: Wane rimin? Na bayan gidanmu ba kai ka kira masu injin yanka suka kwantar da shi ba, don a fitar da shaguna?

Baffa: Reshensa ke faɗo wa mutane a kan kwano.

Auta: Ni abin da ke ba ni haushi dashen biki ne. Tun 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin katangar bishiyoyi don tare hamada, Katsina na cikin jihohi 11 da shirin ya shafa a Najeriya. Amma a unguwanni me muke gani? Da damina a kawo bedi a leda, a dasa, a ɗauki hoto a sa a Facebook. Kafin bazara akuya ta cinye rabi, rabin ya bushe don ba wanda ya ɗauki ban ruwan a kansa. Hadisin da ake karantawa a wajen taron ya ce Musulmin da ya dasa wani abu tsuntsu ko mutum ko dabba ya ci, sadaka ce gare shi. Sai bishiyar ta rayu ai za a ci. Da kowane yaro za a ba shi tasa guda, ya kewaye ta da ƙaya, ruwan alwalar gidan a tara mata a bokiti, da an ga bambanci.

Baffa: Wannan ban ƙi ba. Aiki ne za a sa yaro ya yi, ba baki za a buɗe mashi ba.

Yaya Likitan dabbobi: Baffa, a ƙara da leda. Ku tambayi mahautan kasuwar Mai'aduwa abin da suke cirowa daga tumbin awaki da shanu. Dabba tana ci tana ramewa, ciki ya kumbura, mai ita yana ta sayen maganin tsutsa, ashe leda ce ta dunƙule ta cika tumbin. Muna karanta wa yara hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure ta hana ta abinci, sannan su ga mun sha ruwan leda mun jefar ta tagar mota.

Gwaggo: Yauwa, yanzu aka zo wurin. Ku maza kuna ta jawo aya da hadisi, ni tambayata ɗaya: wa ke shara a gidajenmu? 'Ya'ya mata. Yarinya tun tana shekara shida tsintsiya na hannunta, yayanta namiji yana kwance, ya ci gyaɗa ya watsar da ɓawon inda ta gama sharewa, ba mai ce mashi kanzil. Ya girma bai taɓa sanin wahalar datti ba, to ta yaya zai ji ciwon zubar da shi? Sannan in an tara sharar, wa ake ba? Almajiri. A miƙa mashi 'yan canji da ɗumame a ce je ka zubar. Ba mu taɓa tambayarsa ina yake kaiwa ba, don mun sani: kwatar bayan layi. Ruwan farko ya sauka, kwata ta toshe, ruwa ya shiga gidan maƙwabci, sauro ya samu wurin zama, mu kama jigilar yara asibiti muna cewa jarrabawa ce. Da muna yara duba-gari na shiga har ɗaki ya leƙa randa, uwayenmu na rawar jiki. Yanzu da babu mai leƙawa sai aka ga iyakar tsabtar tamu, daga soro zuwa ciki. Yaro yana kallon duk wannan. Ka aika shi Islamiyya a ce mashi kawar da ƙazanta daga hanya reshe ne na imani, ya dawo ya tarar gidansu ne ke aika ta hanyar. Ɗayan biyu zai yi: ko ya yi magana ku ce fitsara, ko ya yi shiru ya gane cewa karatu na allo ne kawai. Ni na biyun ya fi ba ni tsoro.

Malam: Gwaggo ta yi gaskiya. Sai dai Baffa ma yana da tasa: yaro ya faɗi daidai, amma murɗe famfo a gaban baƙi ba ladabi ba ne. A koya mashi ya ɗauko buta ya ce "Kaka, bari in zuba maka." Ruwa ya ragu, girma bai taɓu ba.

Maman yaron: Zan gaya mashi, Malam. Amma akwai wadda ta fi wannan wuya. Mu da muke kai yara rijiyar Kusugu ta Daura muna ba su labarin lokacin da sai ranar Juma'a ake samun ɗiban ruwa, maganar ruwa ba ta yi masu nisa. Ta itace fa? Kwanan baya ya tambaye ni daga ina gawayi ke fitowa, na ce daga bishiya, ya ce to me ya sa muke girki da shi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, gas ɗin sai an yi baƙo ake kunna shi. Me zan ce mashi?

Kawu na Zango: Ki ce mashi gaskiya, lalura ce. Amma ki nuna mashi bambancin sassabe reshe da kwantar da uwar. Kuma murhu mai kewaye ya fi na duwatsu uku riƙe wuta.

Baffa: Kun gani ko? Ƙarshenta yaro zai riƙa ganin laifin tukunyar uwarsa. Shi ya sa na ce a bar su da salla da ladabi, in sun girma sa gane.

Gwaggo: Mu da muka girma mun gane? Bari ma in tambaye ka, Yaya, ranar Asabar akwai suna a gidanka. Robobin abinci da ledojin ruwan da za a raba, wa zai kwashe, kuma ina za a kai su?

Baffa: Wannan mata ke shiryawa. Ni rago ne nawa.