Jemage mai karyayyen fiffike a gidanmu, yaya zan yi da shi?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina Gwammaja a nan Kano. Mun tsinci jemage a tsakar gida, gindin mangwaro, fatar fiffikensa ta yage, ƙashin ma kamar ya karye. Babba ne, irin mai cin 'ya'yan itace, ba birbiri ba. Yara sun so su jefe shi, na hana.

Da safar hannu mai kauri na ɗauke shi, don irin wannan jemagen na iya ɗaukar ƙwayar cuta dangin haukan kare, wadda aka fara ganowa a Legas a 1956. Na sa shi a kwali mai huji, na rataya masa tsumma ya maƙale kai ƙasa, a ɗaki mai duhu, nesa da kyanwa da yara.

Abin da ya ɗaure min kai, ruwa kam yana lasa, amma gwanda da ayaba ko kallonsu ba ya yi, sai ƙara laushi yake. Wallahi tausayinsa ya hana ni sukuni. Don Allah akwai likitan dabbobi a Kano da ke duba namun daji, ko Gidan Zoo zan nufa? Kafin nan me zan ba shi ya ci?