Zaren nitinol a madadin kwayil wajen buɗe sakatar akwatin caji: zai jure zafinmu?

Ɗalibin Injiniya:

Assalamu alaikum. Ina shekarar ƙarshe a sashen injiniyancin lantarki, kuma aikin kammalawata shi ne akwati mai ƙananan ɗakuna goma sha biyu da masu sana'ar cajin wayoyin hannu za su riƙa amfani da shi, ta yadda kowane ɗaki zai buɗe ne kawai idan an danna lambarsa. Da farko na sa wa kowace ƙofa kwayil mai maganaɗisu, amma sai akwatin ya yi nauyi, ga ƙara idan sakatar ta buga, ga kuma tsada. Malamin da ke duba aikina ya ce in bincika zaren nitinol, wato siririn ƙarfen nan da yake tsukewa idan wuta ta ɗumama shi. Sakatata tana buƙatar motsin milimita 5 ne kawai. Shin wannan zare zai iya aikin, kuma zai jure zama a rumfar kwano a watan Afrilu?

Tsohon Makeri:

Wa alaikumus salam, ɗalibi. Irin aikin da ka kawo shi ne ainihin inda wannan zare yake da amfani, domin gajeren motsi ne, kuma ba a yi shi sau ɗari a minti ɗaya. Nitinol haɗin nikel ne da taitaniyom, kusan kashi 55 cikin ɗari na nauyinsa nikel ne, kuma William Buehler da Frederick Wang ne suka gano halinsa a wani ɗakin binciken sojan ruwan Amurka wajen farkon shekarun 1960. Idan yana da sanyi tsarin ƙwayoyinsa yana da taushi, ana iya miƙa shi. Idan zafi ya kai wani mataki sai tsarin ya sauya, ya koma tsawonsa na asali da ƙarfi.

Ga lissafin da ya shafe ka. Tsukewar da za a dogara da ita ba ta wuce kashi 4 cikin ɗari na tsawon zaren ba, saboda haka milimita 5 na buƙatar zare mai tsawon santimita 12.5, kuma ina ba ka shawarar ka yi 15 don ka sami rara. A jadawalin kamfanin Dynalloy, masu sayar da shi da sunan Flexinol, zare mai kaurin milimita 0.15 yana jan nauyin kusan giram 320 da wutar da ta kai kusan miliamfiya 400 cikin daƙiƙa ɗaya. Batirin litiyom guda ɗaya ya ishe ka, muddin ka sa abin da zai taƙaita wutar. Amma ka sani zaren ja kawai ya iya, ba ya turawa, don haka dole ka sa sifirin da zai miƙar da shi ya mayar da sakatar idan ya huce. Kuma kada ka wahalar da kanka da dalma, ba ta kama shi yadda ya kamata. Ana matse bakinsa ne cikin ɗan ƙaramin bututun ƙarfe.

Malama Mai Koyar da Zane:

Lissafin Malam daidai ne, sai dai ina ganin rabin tambayar ɗalibin da ya fi muhimmanci shi ne na rumfar kwano. Zaren nan bai san bambanci tsakanin zafin batir da zafin rana ba. Ana sayar da shi iri biyu, mai tsukewa a kusan digiri 70 da mai tsukewa a kusan digiri 90, kuma abin da mutane suke mantawa shi ne ba ya sakewa a daidai matakin da ya tsuke. Sai ya huce ƙasa da haka sosai. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai zafin inuwa yana haura digiri 40 a bazara, cikin akwatin ƙarfe da caja goma sha biyu ke aiki a lokaci guda kuwa ya fi haka nesa. Idan ka sayi mai digiri 70, ƙofar za ta buɗe lafiya, amma sakatar za ta yi nawa wajen komawa, wataƙila ma ta ƙi komawa gaba ɗaya har sai la'asar ta yi sanyi, alhali wayoyin mutane ne a ciki. Ka sayi mai digiri 90, ka nesanta shi da cajojin, ka kuma huda wa akwatin hanyar iska.

Abu na biyu, ka tsara sakatar ta yadda zaren zai saki ƙugiya ne kawai, ƙofar kuma ta kulle kanta idan an tura ta. Wannan zare mai ɓarnar wuta ne, kusan dukan abin da ya sha zafi yake zama, saboda haka bai dace a bar shi yana riƙe da abu na tsawon lokaci ba. Kamfanonin da suka ci moriyarsa duk a irin wannan gajeren aiki suka sa shi. Motar Chevrolet Corvette ta 2014 tana amfani da shi wajen buɗe wata 'yar kafar iska domin murfin baya ya rufu cikin sauƙi, na'urar Omnipod mai ba masu ciwon sukari maganin insulin da shi take juya haƙoran da ke tura magani kaɗan-kaɗan, kuma a 1997 motar binciken Sojourner ta yi amfani da shi a duniyar Mars wajen kawar da wani ɗan gilashi don a auna ƙurar da ta taru a kansa.

Tsohon Makeri:

Malama ta yi gaskiya, na karɓi gyara a kan zaɓin digiri 90. Zan ƙara da kashedi ɗaya da na koya da kuɗina: na taɓa ƙona zare uku a yini guda saboda na bar wuta ta wuce lokaci yayin da sakatar ta cije. Idan zaren ya yi zafi fiye da kima alhali ba shi da hanyar tsukewa, sai ya miƙe har abada, ba ya sake komawa. Ka sa ɗan makunni da zai yanke wutar da zarar sakatar ta kai ƙarshe, sannan ka rubuta wa 'yar kwamfutar da ke sarrafa akwatin cewa kada ta taɓa wuce daƙiƙa biyu ko da makunnin ya lalace.

Ɗalibin Injiniya:

Na gode Malam, na gode Malama, Allah ya ƙara sani. Zan fara da ƙofa ɗaya da zaren digiri 90, in ajiye akwatin a rana da ma'aunin zafi a ciki daga azahar zuwa la'asar, in riƙa rubuta daƙiƙoƙin da sakatar take ɗauka kafin ta koma. Mabuɗin hannu ma zan sa a baya, saboda ranar da batir zai mutu da wayar wani a ciki.